Ƙasar da Baba Ya Ƙulle a Tsumma

Tun da na dawo ban huta ba. A ofis, a majalisarmu ta bakin masallaci bayan la'asar, har wajen mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Habibu, yaya teku?" Malam Garba direbanmu kuwa tasa daban ce, shi so yake ya ji ko da gaske Turawa na cin kwaɗi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki inda ya yi masa daɗi ya ƙara gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba.

Ni ma'aikacin ruwa ne a Dutse, aikina in nuna wa masu haƙa burtsatse inda za su kafa injinsu. Ilimin ƙasa da duwatsu na karanta. Mahaifina kuwa mai haƙa rijiya ne a wani ƙauye kusa da Miga, shi ma gadon ubansa ya yi, don haka abokaina ke tsokanata wai an kai ɗan mai rijiya jami'a ya dawo mai rijiya. A shekarar da aka fara shari'a a jiharmu wani tsohon malamina ya aiko mini da takarda. Waɗansu Faransawa za su shiga tekun da ke gaban ƙasarmu da jirgin bincike, kuma ba a barinsu sai da ɗan ƙasa a ciki. Wanda aka fara zaɓa ya ji an ce wata guda ba a ganin tudu, ya ce ya yafe. Abin da za su bincika shi ne zaftarewar ƙasa da ta auku a ƙarƙashin teku tun zamanin da babu mai tunawa. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce Kogin Haɗeja in ya cika ba, na ce na yarda.

Kafin in tashi na je gida yin sallama. A nan dole in koma baya kaɗan. Shekara tara kafin wannan tafiya, rijiya ta rufta da yayana Sale a zurfin gaba goma sha huɗu. Shi da Baba suke haƙa ta. An kwana biyu ana tono ƙasa na ƙara zubowa, har ta kusa cin waɗansu mutum biyu. Malamai suka ce a dakata, a cike ta, a yi masa salla a kanta, ita ce kabarinsa. Tun daga ranar Baba bai sake riƙe dagi ba, bai sake bin wannan hanya ba. In zai je kasuwa sai ya yi dogon zagaye ta bayan gari da gwiwarsa mai ciwo. Bai taɓa ta da maganar ba, mu ma ba mu taɓa ba.

Na same shi a zaure yana tufkar igiya. Da na gaya masa aikin da za mu yi, ya ajiye tufkar.

"Ashe a cikin ruwa ma ƙasa na zaftarewa?"

"Tana yi, Baba. An ce har ta fi ta tudu."

"Su waɗannan mutanen, sun san ta ke nan."

Ya tashi ya shiga cikin gida. Ya daɗe, sannan ya fito da wani ƙulli a tsohon tsumma, girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba. Ya sa mini a tafi, ya rufe hannuna da nasa.

"Ƙasar rijiyar nan ce. Ka nuna musu. Ka tambaye su, ƙasa irin wannan tana ba da alama kafin ta ci mutum, ko ba ta bayarwa? Abin da suka ce shi za ka kawo mini, Habibu. Kada ka yi masa kwaskwarima."

Na ce to. Amma na san amsa ɗaya za ta sauke masa kaya, ɗayar kuma tana iya ƙarasa shi.

Daga Dutse na shiga Kano, daga Kano na hau babbar motar Legas. Wadda ke kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mutuniyar kudu, mai jiki, ta cinye kujerarta da rabin tawa. Da ta ji daga inda na fito sai ta ƙanƙame jakarta, ta tambaye ni ko gaskiya ne yanzu a garinmu ana sare hannun duk wanda ya yi kuskure. Na ɗaga hannuwana biyu na nuna mata. Ta yi dariya har da hawaye, daga nan ta buɗe ledar soyayyar ayaba, ba ta rufe ba sai da muka cinye. Motar ta lalace mana a hanya, don haka rana ta take sosai lokacin da muka hau gadar Jebba. Na leƙa Kogin Kwara, ruwan ja wur da laka. Ban san cewa wannan lakar zan je in tarar a inda take sauka ba.

A Legas aka ce ai jirgin ba ya nan, cunkoson tashar ya sa ya tsaya a Kwatano ta ƙasar Binin. Sai na kama hanyar iyaka. Ɓangarenmu na wuce lafiya. A ɓangaren Binin wani matashin ɗan kwastan ya zazzage jakata a kan tebur, ya ture riguna da takardu, hannunsa ya faɗa kan ƙullin Baba. Ya kwance, ya shinshina, ya dube ni, ya yi ta zuba Faransanci. Na ce ƙasa ce, da Turanci, da Hausa, har da nuni da ƙafa. Bai yarda ba. Wa zai ɗauko ƙasa daga arewa ya kawo ta bakin teku? Kafin in ankara ya zaro wuƙa ya dasa mata, curin ya rabe biyu.

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Mutane suka juyo. Allah ya taimake ni da wata Hajiya mai fataucin goro da ke bayana a layi, wadda ta iya harshensu.

"Ɗana, mene ne a ciki?"

"Hajiya, ƙasar kabarin yayana ce."

Ta juya ta faɗa masa. Sai na ga yaron nan ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Ya tattara har ɗan garin da ya zube a tebur, ya ƙulle da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu yana sunkuyar da kai. Ya ce wani abu a hankali. Hajiya ta ce, "Wai ka yafe masa, su ma suna da matattu."

A Kwatano na sauka a Zango, gidan wani Alhaji Mamman mai masaukin fatake, wanda kakansa ya zo daga Katsina da jakuna bai koma ba. Hausarsu ta ɗan karkace, amma karamcin na gida ne. Kwana uku na yi ina jiran jirgi ya gama lodi. Abincinsu wani tuwon masara ne mai tsami da ake naɗewa a ganye, da kifi da barkonon da ya sa na riƙa share hanci kamar mai mura. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake riƙe shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, mata a kan babur su ke tuƙi, wata da goyo a baya, kuma da rana ta take sai a rufe ofisoshi kowa ya tafi ya kwanta. Ran da zan tafi Alhaji ya raka ni har bakin tasha, ya dubi ruwan, ya dube ni.

"Malam Habibu, ka riƙe addu'a. Wannan ba shi da reshen da mutum zai kama."

Kwana ukun farko a jirgi ba ni da labarinsu, don a kwance na yi su da bokiti a gefe. Duk abin da na ci a Kwatano na mayar. Wanda ya yi jinyata shi ne kukun jirgin, Usman, dattijo mutumin Sanagal. Ba ya jin Hausa ko Turanci, ni ba na jin nasa, sai Larabcin salla ya haɗa mu. Shi ya ware mini tukunya don kada naman alade ya taɓa abincina. Shi ya nuna mini yadda ake neman alƙibla da 'yar na'ura mai allura. Ran farko da na iya tsayuwa, na kabbara ina fuskantar gabas, kafin in kai raka'a ta uku jirgin ya juya, rana ta dawo gabana. Na sallame a rikice. Usman ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Niyya," ya koma kan albasarsa.

Malam Garba, ban ga kwaɗo ba. Amma na ga cukwin da in aka ajiye shi a kasuwar Jahun sai an kira duba-gari. Abincinsu kashi-kashi yake zuwa. Ranar farko aka kawo ganye da burodi, na ɗauka shi ke nan, na cika cikina da burodi, sai ga kifi, sai ga nama, ina kallo ba wurin sawa. Maza da mata in sun haɗu da safe sai su goga kumatu, ni dai na riƙa sa hannu a ƙirji daga nesa har suka gane. Shugabar binciken kuwa mace ce, Madam Odil, ta kai shekara sittin, furfura fal, da takalmin roba har gwiwa. Ba ta ɗaga murya, amma in ta yi magana har ƙattin da ke jan ƙarfe sai su yi tsit.

Ita ta zaunar da ni ta yi mini bayanin wurin. Ƙasarmu ba ta ƙarewa a bakin ruwa. Tana ci gaba a ƙarƙashinsa shimfiɗe kamar daɓe, tafiya mai nisa, sannan ta fara gangarawa zuwa zurfin gaske. A kan wannan gangaren Kwara ke juye lakar da ya kwaso, shekara bayan shekara. Jirginmu na aika ƙara zuwa ƙasa, amsar ta dawo, na'ura ta zana hoton abin da ke can. Kwana da kwanaki muna kai da komo kamar mai huɗa, har hoton ya haɗu. Sai ga wani wawakeken gurbi a jikin gangaren, kamar an gutsuri tuwo, faɗinsa ya yi tafiyar Dutse zuwa Jahun. Can ƙasa kuma ga abin da ya ɓalle ɗin, a warwatse. Ta ce dalilin binciken shi ne masu haƙar mai na son shimfiɗa bututu a wurin, kuma in irin wannan ta sake aukuwa, igiyar ruwan da za ta taso na iya hawa kan garuruwan masunta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gangaren ba shi da tsayi. In ka ajiye ƙwarya a kansa ba za ta mirgina ba. Na ce to me ya tura abin da ya ɓalle ɗin?

"Jira mu ciro laka," in ji ta.

Ana sauke wani dogon bututun ƙarfe da nauyi a kansa, ya tafi ya cake a ƙasan teku, a jawo shi cike. Sai a tsaga shi gida biyu a kan tebur. A sama lakar a jere take, shimfiɗa kan shimfiɗa kamar an jibge tabarmi. Can ƙasa sai ta hargitse, curi-curi, a murɗe, wannan ita ce ƙasar da ta zaftare. A ƙarƙashinta kuma ga wata siririyar shimfiɗa mai launin toka, kaurinta bai kai yatsa uku ba. Madam Odil ta lakato ta da ɗan yatsa, ta murza, sannan ta kai baki ta goga a haƙoranta na gaba.

Na fara dariya, sai na tuna. Haka Baba ke yi. Tun ina yaro nake ganin in an jawo guga daga rami sai ya lakaci ƙasar ya goga a haƙori. In ta yi ƙas-ƙas akwai rairayi, in ta narke shiru yumɓu ne. Mace ce da jirgi cike da na'urori, amma sai da ta koma ga haƙori. Na gaya mata, ta ce babanka abokin aikina ne ke nan. Ta ce wannan siririyar ita ce mai laifin. Laka ta taru a kanta da sauri, ruwan da ke cikinta ya rasa hanyar fita, ta zama santsi, rana ɗaya duk abin da ke samanta ya sulale.

Na yi kwana goma sha biyar ƙullin na cikin jakata ban fito da shi ba. Tsoro nake ji, gaskiya ke nan. Sai da aka ce saura kwana huɗu mu juya, wata ranar da hantsi ɗakin aikin ba kowa sai ita, na ajiye shi a gabanta na ba ta labarin Yaya Sale da saƙon Baba.

Ta wanke hannu tukuna, abin da ban taɓa ganin ta yi wa laka ba. Ta ɓalli ɗan kaɗan, ta ɗiga masa ruwa, ta jira. Ƙasar da ta shekara tara a bushe ta kumbura, ta yi santsi kamar sabulu. Ta goga a haƙori. Ta ɗauko tata ta teku ta ajiye kusa da ita.

"Ba uwa ɗaya ta haife su ba," in ji ta, "amma halinsu ɗaya. In akwai jiƙaƙƙen rairayi a kan wannan, bango na iya sulalewa."

"To tana ba da alama?"

"Ita kanta ce alamar, ga wanda ya san ta. Amma ba ta faɗin rana." Ta ja ni gaban hoton, ta nuna gefen gurbin nan. "Dubi nan. Shimfiɗar nan tana ƙarƙashin wannan ma, ga shi tsaye shekaru dubbai. Me ya sa can ya tafi nan ya tsaya? Shekara talatin ina wannan aiki, ban sani ba."

Na ji sanyi a raina, na fara naɗe tsumman. Sai ta yi tambayar da kowane mai wannan aiki ke yi in an ba shi ƙasa.

"Daga wane zurfi aka ɗebo ta, kuma yaushe?"

Bayan rijiyar ta rufta babu wanda ya sake kaiwa gaba goma sha huɗu. Ina wurin, na gani. Ke nan kafin ta rufta Baba ya ɗebo wannan curin. Ya gan ta, ya san ta, har ya fito da ita. Madam Odil ta ga fuskata, ta gane abin da na gane. Ta ce, "Ka gaya masa duka biyun. Mai sana'a ne, zai san in ka rage."

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Usman ya ba ni carbi, Alhaji Mamman ya ba ni burodin nan mai kamar sanda in kai tsaraba, ya bushe tun kafin Ilori. Duk tsawon hanya ina shirya ƙarya ina rushewa. Na kwana ɗaya a Dutse, washegari na wuce ƙauye.

Na tarar da shi a zauren nan. Ya rame. Bayan gaisuwa bai tambaye ni teku ba, bai tambaye ni Turawa ba. Na ajiye ƙullin a gabansa, na ba shi haƙurin rabewar da ya yi a iyaka.

"Me suka ce?"

"Baba, shugabarsu ta gwada ta a haƙori, yadda kake yi. Ta ce muguwar ƙasa ce, kuma ita kanta alama ce ga wanda ya san ta. Ta kuma ce ba ta faɗin rana. Ta nuna mini inda irinta ta zaftare, da inda take ɗauke da kaya shekaru dubbai ba ta motsa ba. Ta ce ita ma ba ta san dalili ba."

Ya jawo tsumman gabansa.

"Ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Ranar Talata na sauka na same ta. Na ɗebo na sa a aljihu. Sau uku ina wuce irinta a rayuwata, rijiyoyin na nan har yau ana sha. Ga gari ba ruwa, mata na tafiya tun asuba ba su dawowa sai rana ta take. Na ce wannan ma za ta tsaya. Laraba gwiwata ta kumbura, Sale ya ce, Baba zauna, ni zan sauka. Tana cikin aljihuna, Habibu. Ina riƙe masa igiya tana cikin aljihuna. Ban gaya masa ba."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. In na ce ƙaddara ce, ya fi ni sani, malamai sun gaya masa tun tuni. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, da ka gaya masa, zai fasa sauka?"

Ya girgiza kai. "Zai sauka. Na san ɗana. Amma da ya sauka da saninsa."

Muna nan aka kira la'asar. Da muka fito masallaci bai juya gida ba. Ya ce in miƙo masa sandarsa, ya kama hanyar da ya shekara tara bai bi ba, ina biye. Mutanen da ke zaune a bakin hanya suka daina hira. Wurin yanzu ɗan tudu ne a gefen gona, an kewaye shi da ƙaya, wata 'yar aduwa ta fito a gefensa.

Baba ya durƙusa da ƙyar. Ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari. Ya kwance tsumman, ya ɗauki ɓari ɗaya ya murtsuke a kan tudun, ya ɗauki ɗayan ya murtsuke. Sannan ya sunkuya, kamar yadda yake leƙa bakin rijiya in zai yi wa na ciki magana.

"Sale," ya ce, "akwai santsi a gaba goma sha huɗu. Ka kula."

Muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a. Baba ya kakkaɓe tsumman ya ninke ya sa a aljihu, ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ta wannan hanyar muka koma gida.